Kowane ɗalibi da tasa tabilet: yadda ta kaya a makarantarmu ta Garwa

Sayen tabilet shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nan. Mu da ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, muka fara, yara sittin, tabilet sittin, kuma abin da ya fara tsaya mana a gaba shi ne caji. Wutar gari nan arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo, idan ruwa ya ja baya da rani sai wutar ta yi ƙaranci, shi ya sa muka koma sola. Duk mai niyya ya yi wannan lissafin kafin ya sayi ko da na'ura ɗaya. Batir mai 5,000 mAh a kan volt 3.7 yana ɗaukar wat-awa 18 da rabi. Guda sittin sun kai 1,110, idan aka haɗa da abin da ke zurarewa a caja da inbata, sai a ce 1,500 kowace rana. Farantin sola mai wat 300 a takarda zai ba da haka cikin awa biyar na rana mai kyau, amma a zahiri ba ya kaiwa, don haka biyu muka ɗora. Da hunturu kullum da safe sai an goge su, ƙura kan rage ƙarfinsu ƙwarai.

Kada a jona duka sittin lokaci guda. Kowace tana jan kusan wat 10, wat 600 ke nan a tare. Kashi biyu muke yi da zarar an tashi daga makaranta, tun rana na da sauran ƙarfi, don babban batirin solar ya huta. Mai 200 Ah a volt 12 irin na ruwa, rabinsa kawai ake sha, in an wuce haka ba ya daɗewa.

Sai zafi. A Maris da Afrilu Garwa kan haura digiri 40, batirin tabilet kuwa ba a so a yi masa caji sama da 45. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, cike da na'urori suna caji, ya wuce nan nesa ba kusa ba. Alamar farko ta lalacewa ita ce ka ga gilashin tabilet ya ɗan ɗaga daga gefe, ka kifa ta a tebur tana rawa. Batir ya kumbura, a cire shi ranar, kada a bari yaro ya danna. Kabad ɗin katako mai raga gaba da baya muka sa kafinta ya yi mana, hawa shida, kowace tabilet a tsaye da tazarar yatsa biyu.

Mutane suna tsoron fashewar gilashi, amma bakin caji ne ya fi ba mu aiki. Ƙura ta shiga ta daskare, yaro ya ga wayar ba ta shiga, ya juya ta ya tura da ƙarfi, ɗan harshen ciki ya karye. Yanzu yara huɗu ne kaɗai muka koya wa jonawa, kuma tsinken sakace da busasshen buroshin haƙori suna nan a kabad. A sayi samfuri ɗaya, a fara kai shi wa mai gyaran waya a kasuwa ya tabbatar akwai gilashinsa da batirinsa. A ajiye ƙarin tabilet shida a gefe, domin ranar da yara uku suka rasa tasu, darasin kowa ne ya lalace.

Intanet kuwa mun haƙura da ita a aji. Data ga na'ura sittin ta fi ƙarfin makaranta, kuma na'ura ɗaya in ta kama sabunta kanta sai ta lashe rabon kowa. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi muka ɗora wa manhajojin Kolibri da Kiwix, tabilet suna ɗauka daga gare ta ta Wi-Fi, ga darussa ga Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa, ba a bukatar layi. Ƙaramar na'urar Wi-Fi takan shaƙe idan yara sun kai wajen talatin, saboda haka biyu muka kafa.

Abin da ya fi damuna shi ne malami. Tun da aka raba wa ɗaliban jami'o'in Kamaru kwamfutocin PB Hev guda 500,000, iyaye da yawa sun ɗauka na'urar kanta ita ce ilimi. Peru ta raba wa yara kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin One Laptop per Child, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙari a lissafi ko karatu ba. Yurugwai da ta fara nata shirin Ceibal a 2007 ta haɗa da horar da malamai da wuraren gyara. Mu ma mun ga haka a ɗan ajinmu. Malamin da aka ba tabilet ya tafi da ita gida wata guda kafin yara su taɓa, ya zo da darasi a shirye: minti ashirin a na'ura, a kife ta, a koma allo da littafi. Wanda aka miƙa wa rana ɗaya da yara, kunya kan hana shi tambaya, sai kabad ya zauna a kulle. A horar da aƙalla biyu, don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada komai ya tsaya. Kuma darussan da Faransanci suke, yaron da gida Fulatanci ko Hausa yake ji, sai malam ya fassara masa kafin na'urar ta amfane shi.

Ba ma barin a tafi da su gida. Mun zauna da ƙungiyar iyaye muka rubuta yarjejeniya: lalacewar yau da kullum daga asusun makaranta, ɓata da gangan kuma iyaye su biya rabi. Asusun nan tun shekarar farko ake fara tara shi, domin wajen shekara ta uku batiran kusan tare suke mutuwa, kuma wanda ya ba da kyautar na'urorin da wuya ya dawo ya saya muku sababbi.