Kafin Ka Ce A Kwance Inji

Kawuna ne ya ba ni babur ɗin lokacin da ya yi ritaya daga aikin malamin gona. Honda CG125 ne ja, ya girmi da yawa daga cikinku masu karanta wannan. Ranar da ya miƙo mini makulli abu biyu kawai ya ce: in riƙa juye baƙin mai a kan kari, in kuma riƙa wanke soson iska. Na farkon na riƙe. Na biyun ya bi ta bayan kunnena. Da soson ma ya ruɓe ya fara marmashewa, sai na zare shi na yar, har ina murna wai babur ya ƙara numfashi.

Hunturu biyu na yi a haka a kan hanyar ƙauyen da nake koyarwa, hanyar da in mota ta wuce ka sai ka tsaya ƙura ta lafa. Sai wata ƙara ta ɓullo, siririya, kacal-kacal, in babur yana silo. Da na ɗan murɗa totur sai ta ɓace. Na kai maganar teburin mai shayi, inda kowa bakanike ne, aka yanke hukunci cewa fistin ne. Wani ma ya rantse sarƙar taimin ce, alhali CG ba shi da ita sam, da 'yan sandunan ƙarfe yake tura bawul. Roba-roba da Boxer su ne masu sarƙar.

Kuskurena na farko ke nan, ƙannena: na shiga gareji da sunan cuta a bakina. Ban ce ga abin da nake ji ba, cewa na yi fistin ne, a canza. Wa zai yi musu da mai kuɗi? Aka kwance kan inji, aka kai silinda wajen masu borin aka faɗaɗa ta da milimita 0.25, aka sa sabon fistin da ringi. Rabin albashina ya tafi. Aka buga kik, babur ya tashi, kacal-kacal tana nan yadda take.

Daga nan na ɗau fushi da bakanikai gaba ɗaya, na sayi sifana na ce ni zan gyara abina. Na buɗe murfin sama, na ɗaure tafet, wato kusar saita tazarar bawul, har na daina jin ko motsinsa, kuma inji da zafinsa na yi aikin. Gyaran gangar Auzinawa. Bawul yana buƙatar 'yar tazara, domin ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi. Idan babu ita bawul ba ya zama daram a kujerarsa, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cinsa. A CG125 tazarar milimita 0.08 ce, a yawancin roba-roba 0.05, kuma da safe ake aunawa inji na sanyi, da 'yan siraran ƙarafan awo da ake zurawa. Cikin 'yan makonni babur ya koma sai an tura, bawul ɗin salansa ya ƙone. Tafet mai 'yar ƙara, tik-tik kamar keken ɗinki, ya fi mini wanda ya yi tsit.

Wani direba ne ya kwatanta mini wani dattijon bakanike a ƙarƙashin darbejiya bayan tasha. Na isa ina ta zuba.

"Baba, fistin sabo ne, ringi sabo, bawul ma yanzu aka sa..."

"Yaro, ban tambaye ka abin da ka saya ba. Yaushe take yi? Da sanyi ko da zafi? A tsaye ko a tafiya? Da kaya ko ba kaya?"

Ban iya amsa rabinsu ba, ni da nake hawan babur ɗin kullum.

Ya ɗauko dogon sukudireba, ya dafa bakinsa a kan inji, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya saurari sama wajen bawul, ya sauko tsakiyar silinda, ya gangara ƙasa wajen karanshaf, hagu da dama. Sa'an nan ya miƙo mini ya ce in ji da kaina. Abin da na koya a wannan yammacin shi nake so in bar muku.

Ƙarar tafet a sama take, siririya, a jere. Fistin da ya yi wa silinda kaɗan yana bugu ne a tsakiya, kamar ana ƙwanƙwasa ƙoƙo, ya fi yi da safe, in inji ya ɗau zafi fistin ya kumbura sai ya ragu. Wannan kana iya lallaɓawa da shi har ka tara kuɗi. Wadda ba a wasa da ita ita ce ta ƙasa: bugu mai nauyi, ƙwas-ƙwas, wanda yake ƙaruwa in mai ya yi zafi ya tsinke, ko in ka ba shi wuta ka saki. Boris ɗin konrod ne, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ko na karanshaf ɗin kansa. Juye baƙin mai a farin kwano ka kai rana. In ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, jingine babur ka hau na haya. Akwai kuma ƙil-ƙil kamar tsakuwa a gwangwani, wadda ba ta zuwa sai kana hawan tudu da goyo a babbar giya. Wannan ba ƙarfe ba ne ya ci, mai ne yake fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ko don man bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya masa ba, ko don iska ta rinjayi mai, ko gawayi ya taru a kan fistin. Fakin bakin salansa ma in ya fashe yana fit-fit har ka rantse tafet ne. Nemi baƙin tabo a wurin. Masu babur mai shan tu-ti kuwa, wato man da inji yake ƙonawa tare da fetur, ku naku ba shi da tafet, kada wani ya karɓi kuɗin saitinsa.

Tawa ƙarar ba ta cikin ko ɗaya. Baba ya kwance robar da ta haɗa kafireto da akwatin iska, ya leƙa akwatin, ya gan shi wayam, ya dube ni bai ce komai ba. Inji na silo ya zura yatsa ya ɗan danne ɗan fistin na cikin kafireto, wanda wayar totur take ɗagawa. Tsit. Ya saki, kacal-kacal. Ya sake dannewa, tsit.

Ashe duk wannan lokaci na bar jaki ina dukan taiki. Ƙurar da na buɗe wa ƙofa ta zama kamar sanfefa, ta cinye jikin ɗan fistin da ramin da yake hawa da sauka, har ya sami wurin rawa. Duk lokacin da inji ya ja numfashi sai ya bugi bango. Da Baba ya zaro shi, gefen da ke fuskantar inji ya suɗe yana walƙiya, da zane-zane a tsaye.

A nan ne na gane dalilin da ya sa saitin kafireto ya gagare ni. Kafireton da ya ci ƙarya biyu yake yi a lokaci guda. A silo, iska tana satar hanya ta gefen ɗan fistin, mai ya yi kaɗan, sai silo ya ƙi tsayawa: yanzu ya hau, an jima ya mutu, ka saki totur ya daɗe bai sauko ba. A tsakiyar totur kuma akasin haka ne. Allurar da ke rataye a ƙarƙashin ɗan fistin tana shiga wani ɗan bututun tagulla, tazarar da ke tsakaninsu ita ke auna mai. In allura ta sirance, bakin bututun ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, mai ya riƙa kwarara fiye da kima. Sai ka ga fulogi baƙi ƙirin da kunkunniya, salansa na warin ɗanyen mai, babur na sarƙewa. Ka juya kusar iska ka gyara ƙasa, tsakiya ta lalace. Ka sauke allura gaɓa ɗaya ka gyara tsakiya, wani wurin ya ɓaci. Babu kusar da take mayar da ƙarfen da ya tafi.

Na kuma ƙara wa kaina da hannuna. Duk sanda babur ya yi gardama sai in kwance jet, ɗan tagullar nan mai siririn rami da mai yake bi a cikin kafireto, in soka masa silin wayar birki. Tagulla ba ta da tauri, waya kuwa ƙarfe ce, kowace suka tana ƙara faɗin ramin da ido ba ya gani. Jiƙa shi a fetur, hura masa iska da famfo, ɗaga shi ka hangi haske, ya isa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, babu mai hankalin da zai buɗe ramin jet da kansa.

Fulogi shi ne shaidan da ba ya karɓar cin hanci. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo tare da shuɗin hayaƙi, baƙin mai ne yake hawowa ta ringi ko ta bawul. Fari fat, iska ta yi yawa, kuma wannan ya fi haɗari don shi ke dafa inji. Amma ka duba shi bayan tafiya, ba bayan ya daɗe yana silo a ƙofar gida ba.

Kafin ka yanke wa kafireto hukunci, duba wuyan da ya haɗa shi da inji, tsaga ko mataccen fakin a nan yana ba da alamu irin na ɗan fistin da ya ci. In kuma ɗigar mai yake yi ta tiyon ƙasa, yawanci 'yar allurar fulot, mai tsayar da mai in ƙoƙon kafireto ya cika, ita ce ta yi gaɓa a baki, ko datti ya tokare ta. Ita kaɗai za ka canza. Nawa dai ya wuce nan, jikin kansa ya ci, sai sabo. Baba ya sa na tafi kasuwa da tsohon a leda, na gwada faɗin maƙogwaro da tazarar ramukan noti, na kuma karanta lambar jet. Babban kafireto ba ya mayar da 125 ya zama 200, mai kawai zai sha maka. Ya hana ni taɓa wani abu daban ranar da muka ɗaura shi, wai in ka canza abu uku babur ya gyaru, ba ka san wanne ne mai laifi ba.

Soso na saya a ƙarshe, kuɗinsa bai kai na fulogi biyu ba. Ina wanke shi da kananzir, in bar shi ya bushe, in ɗiga masa baƙin mai in matse har ya daina zuba. Da hunturu duk mako biyu, da damina in ɗan sarara.

Da na kai wa kawu ziyara da sallah, na zauna ina ba shi wannan labari tiryan-tiryan. Bai bari na kai ƙarshe ba ya tashi ya buɗe murfin gefe, ya danna soson da ɗan yatsa, ya duba yatsan, ya mayar da murfin. Sai ya ce in ba shi makulli zai je gaisuwa unguwar gaba.