Ramin da Muka Huda a Hannun Kafireto

Motar mahaifina ce, Peugeot 504 mai giya otomatik ta kamfanin ZF mai hawa uku, kuma ta shekara shida a rumfa a gidanmu na Tudun Wada a Zariya kafin na yanke shawarar tayar da ita. Injinta ya riga ya ci, don haka na je Panteka a Kaduna na sayo wani mai ƙarfin cc 1971, irin nata. Tun daga 1975 aka shafe shekaru da dama ana harhaɗa 504 a Kaduna, saboda haka kayanta ba su yi wuyar samu ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, injin da na sayo daga mota mai giyar hannu aka ciro shi.

A garejin da ke Sabon Gari, aikin ɗora inji bai wuce kwana biyu ba. Sai da muka zo haɗa wayoyi muka ga cewa kafireto ɗin Solex da ya zo da injin, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, yana da mazaunin wayar totur kaɗai, alhali akwai waya ta biyu da ta taso daga giyabos tana neman inda za ta maƙale. Ni a sanina, amfaninta shi ne ta sauke giya idan an take totur har ƙasa domin wuce wata mota, don haka na ce wa yaron garejin ya sa mai walda ya liƙa ɗan ƙarfe a hannun kafireton, a huda rami duk inda ya samu. Laifina ne, domin ni na matsa a gama kafin Juma'a.

Daga Kwangila zuwa Samaru motar ta shiga giya ta uku tun ba ta yi nisa ba, kuma cikin laushin da har na yaba. A hanyar Shika ne na ji injin yana ƙara kuka amma gudu bai ƙaru ba. Da na zaro sandar gwada man giya, jan man ya fara komawa ruwan ƙasa, yana ɗan ƙauri.

Tsohon makanikin da ya koya wa mai garejin aiki ne ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, ina tsohon kafireton?" Allah Ya sa ban sayar wa 'yan gwangwan ba. Ya ɗauki guntun waya ya auna daga tsakiyar sandar da ke buɗe maƙogwaron kafireto zuwa ramin da wayar giya ke shiga, sannan ya ɗora awon a kan namu. Ramin da muka huda ya matso kusa da sandar da kusan faɗin yatsa. Tunda hannun kewayawa yake yi, duk ramin da ke kusa da tsakiya gajeren ja yake yi, ko da an take totur har ƙasa. Ita kuwa wannan waya, ita ce ke shaida wa giyabos yawan totur ɗin da aka taka, giyabos kuma ya ƙara matsin mai gwargwadon haka. Idan jan ya gaza, matsin ya yi ƙasa, faifan kulocin ciki su riƙa zamewa har su ƙone. Idan ya yi yawa, giya ta makara ta kuma shiga da duka. Laushin nan da na yaba, zamewa ce.

Ya yanke hannun tsohon kafireton ya kwafi siffarsa, ya kuma gyara maƙalin wayar domin ta ja a miƙe. Ya sa ni na take totur alhali injin yana kashe, yana duba ko maƙogwaron ya buɗe gaba ɗaya daidai lokacin da wayar ta kai ƙarshenta, sannan na saki ya tabbatar ta koma ba tare da ta yi sako-sako ba. Muka zubar da man, muka wanke matacin, muka zuba sabo.

Yanzu ina jin ɗan motsi a kujera duk lokacin da ta sauya giya, kuma kowace Asabar nakan zaro sandar in shafa man a farin ƙyalle.