Daren da na hau tudu neman orora

Ɗan baffana ne ya jawo min wannan aikin. Yana karatu a Ingila, daren Juma'a 10 ga Mayun 2024 ya turo min hoto ta WhatsApp, sama ta yi ja da kore kamar an kifar da tukunyar rini, wai orora ake ce wa wannan hasken, ya ce "yaya leƙa waje, yau har ƙasashe masu zafi ana gani." Ni kuwa na riga na yi barci, sai da asuba na ga saƙon. Na buɗe Facebook ko'ina zancen kenan, Jamus, Amurka, har Meziko sun gani. Na ce to mu ma nan ƙasar Ringim ai ƙarƙashin sama muke.

Daren Asabar bayan isha'i na ɗauki ƙanina a babur muka nufi wani tudu arewa da gari, ga zafin bazara ga ba iska, jinjirin wata bai daɗe ba ya faɗi, duhu ya yi sosai. Wajen sha ɗaya sai ga wani ja-ja can ƙasa-ƙasa ta arewa yana ɗan motsi. Wallahi gabana ya faɗi don murna. Na ɗauka a waya, ban ko tsaya tunani ba na tura guruf ɗin 'yan ajinmu na rubuta "orora a Jigawa", har da alamar wuta guda uku, ashe bakina ne ya faɗi gaskiya.

Ƙanina ne ya fara cewa "yaya ni fa ƙauri nake ji." Muka gangara, tafiya kaɗan sai ga wani dattijo da sanda yana tura tushiyar dawa da ƙaya cikin wuta, sharar gona yake tunda damina ta matso, ya bari sai dare saboda rana. Ya haska mu da cocila ya ce "samari lafiya da daren nan?" Na ce lafiya lau Baba, sannu da aiki. Me zan ce masa?

Har yau a guruf ɗin nan Malam Orora suke ce min.

Kunyar ce ta sa na zauna na karanta abin da kyau. Rana ce ke feso wasu ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, su yi karo da iskar sama sai ta yi haske. Koren daga iskar oksijin yake, sama da kilomita 100 daga ƙasa, jan kuma ya fi haka nisa, sama da kilomita 200. Tunda can ƙurya ƙwayoyin ke sauka, shi ya sa 'yan Nowe da Kanada da Alaska suke ganinsa kamar yadda muke ganin hazo, mu kuwa muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, tauraron arewa ma da ƙyar ya ɗara dunƙulen hannu ɗaya daga ƙasa in ka miƙa hannunka. In feshin nan na rana ya yi ƙarfi sosai ana ce masa guguwar rana, ta Mayun nan ita ce mafi ƙarfi cikin shekara ashirin, ta 1859 ma da ta fi ta har Kuba aka gani, kuma Kuba ɗin ta fi mu arewa nesa ba kusa ba. Gaskiya ban da rabo tun daga gida.

Amma na koyi rarrabewa, kuma da na sani tun farko da ban yi abin kunya ba. Orora na gaske kana hango taurari ta cikinsa kamar ta labule mai shara-shara, hayaƙi kuwa rufe su yake. Wuta ta fi ƙarfi a gindi tana tsalle-tsalle, kuma tana da wari, wannan ko yaro ya sani sai ni. Hasken gari kullum yana waje ɗaya, jiya da yau da gobe. Walƙiyar hadarin nesa ƙiftawa take ta ɓace. Sannan waya maƙaryaciya ce, ɗan baffan nawa da kansa ya ce da ido abin fari-fari ne kamar gajimare da ɗan ja kaɗan, kyamara ce ke tara haske ta fito da launin nan da ya ruɗe ni.

Da na ba limaminmu labari dariya ya yi har da tafi, ya ce kai da kake neman na Turawa ka taɓa ganin alfijirin ƙarya? Wannan hasken da ke miƙewa tsaye ta gabas kafin alfijir na gaskiya, wanda malamai ke cewa kamar jelar kyarkeci, ba ya hana mai azumi sahur. Na bincika, ashe hasken rana ne ke dukan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi, kuma mu na kusa da tsakiyar duniya mun fi 'yan Nowe samun ganinsa. Bayan damina da sama ta wanke na saita ƙararrawa ƙarfe huɗu, na koma tudun nan ni kaɗai, babu wata, na juya gabas, ga shi nan tsaye siriri fari. Wannan karon sai da na shinshina iska tukuna kafin na ciro waya.