Dutse ya faɗi nasa, oga ya ce ba haka ba

Na miƙa kundin digirina na biyu na bar sashen nazarin duwatsu, kuma akwai maganar da ta tsaya min a wuya tun ba yau ba, gara in fitar da ita ko na bayana za su amfana.

Duk wanda ya taɓa hawa gangaren da na yi aiki a kai ya san yadda yake. Daga ƙasa baƙar laka ce da ta daskare, tana ɓarewa falle-falle a hannu, ka san ruwa ne mai zurfi inda igiyar ruwa ba ta kaiwa. Kana hawa sai siraran shimfiɗun yashi su fara shigowa masu tudu da kwari, aikin guguwa kenan, sama kaɗan yashin ya yi kauri ya yi tsabta ga ramukan halittu masu tono, can ƙarshe har sawun saiwoyi. Sai kwatsam baƙar laka ta sake hawa kai, teku ya dawo. Abin da masanin duwatsu Walther ya faɗa tun 1894 ne, cewa abin da ka gani wani kan wani ba tare da yankewa ba, a da gefe da gefe suke, daga gaɓa zuwa zurfi. Haka wannan jerin yake ta maimaituwa a gangaren. Na auna wannan maimaicin da hannuna, na zana log ɗina, wato zanen shimfiɗun daga ƙasa zuwa sama, tsaf.

Matsalar ita ce maimaicin da na ƙirga ya fi na jadawalin Haq yawa, wancan jadawalin hawa da saukar tekun duniya da Haq da Hardenbol da Vail suka fitar a 1987. Sufabaiza na ko log ɗin bai gama dubawa ba ya ce in haɗe wasu in goge wasu har su yi daidai da jadawalin. Na ce ranka ya daɗe, dutse fa ba tsayin tekun duniya yake rubutawa ba, zurfin ruwan wurin kawai yake nunawa, kuma ƙasa na iya nutsewa, kogi na iya ƙaro yashi ya tura gaɓa gaba ko ya sauya hanya alhali teku bai motsa ko kaɗan ba. Har misalin gaɓar Suwidin da Finlan na kawo masa, inda ƙasa ke tasowa kusan santimita ɗaya a shekara a wasu wuraren tun da ƙanƙarar da ta danne ta a da ta narke, nauyinta ya sauka, ruwa na ja da baya a can alhali tekun duniya hawa yake. Ya ce yaushe na fara koyar da shi.

Na bi umarni don ba ni da yadda zan yi. Ranar difens, wato ranar kare kundina, malamin da aka gayyato daga waje ya tambaye ni da me na tabbatar da shekarun layukan nan da suka raba maimaicin har na ɗaura su a kan jadawalin, tunda ƴan foram ɗin da na samu, wato ɓawon ƙananan halittun teku da ake gane shekarun dutse da su, ba za su iya raba shekaru dubu ɗari biyar ba ma. Na juya na kalli oga, wallahi wayarsa yake dannawa, daga baya ma cewa ya yi ya sha gaya min. Wannan har yau yana min ciwo, ba don makin ba, don dutsen ya faɗi gaskiya kuma da hannuna aka sa na rufe masa baki.

Ba wai teku ba ya hawa da sauka a duniya baki ɗaya ba ne, shekara dubu 20 da suka wuce ya yi ƙasa da na yau da kusan mita 120. Amma kafin ka ce layinka na duniya ne sai ka same shi a wani kwarin daban, da shekaru masu ƙarfi a hannu.

Sauran shawarwarina kuma ƙanana ne. Ka raba shafin abin da ka gani da na abin da kake zato. Ka sa guduma a kowane hoto don a gane girma. Ka rubuta lambar samfur a jaka da kuma cikin jaka. Duk gyaran da aka ce ka yi wa bayananka, ka nemi a turo maka shi a rubuce, kuma ka ajiye log ɗinka na asali inda ba wanda zai taɓa.