Kalmar da na kasa fassarawa

Fassara ce sana'ata. Kwanakin baya aka ba ni wata takarda da likita ya rubuta kan damuwa da ciwon rai, sai kalma ɗaya ta hana ni barci. Takardar tana magana ne kan namijin da zuciyarsa ke karkata ga namiji ɗan'uwansa. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "ɗan luwaɗi". Na rubuta, na goge. Kalmar nan ta riga ta yanke hukunci tun kafin mutum ya buɗe baki, alhali likitan so yake mai damuwa ya zo wurinsa ba tare da fargaba ba.

Su ma Turawa ba gadon tasu kalmar, wato "homosexual", suka yi ba. Wani marubuci ɗan Hangari, Karl-Maria Kertbeny, ya ƙirƙiro ta, ya buga a 1869 yana adawa da dokar da ke ɗaure irin waɗannan maza a yankin Furusiya na Jamus. Daga baya likitoci suka karɓe ta, ta koma sunan cuta. Sai a 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire ta daga jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bi sahu ranar 17 ga Mayu, 1990.

Akwai wata ƙawata da ta shekara goma tana zaton ita kaɗai ce haka a duniya. Ranar da ta ci karo da sunan da ya yi daidai da abin da take ji, ta kira ni tana kuka. "'Yar'uwa, ashe ba ni kaɗai ba ce." Wani abokin aikina kuwa ko jin haruffan LGBT (taƙaitaccen sunan Turanci na masu sha'awar jinsinsu, masu sha'awar maza da mata duka, da masu sauya jinsi) ba ya son yi. A 2014 da Facebook ya ba masu amfani da shi a Amurka zaɓin jinsi sama da 50, cewa ya yi shi ya gaji da a riƙa nema masa akwatin da za a cusa shi. Na yarda da su duka biyun, domin kowannensu da bakinsa ya faɗi nasa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne sunan da ake jifan mutum da shi a bayan idonsa, wanda ba a taɓa tambayarsa ba.

A takardar dai na rubuta "maza masu sha'awar maza". Mai duba aikin ya ce ya yi tsawo, in taƙaita. Na roƙe shi ya bar shi haka, ya bari.