Kwanan tanti a saman Tula

Jama'a, duk mai cewa jihar Gombe zafi kawai gare ta bai taɓa kwana a saman Tula ba. Daga Kaltungo muka kama hanyar nan mai lanƙwasa, mota na nishi, har muka haye tudun. Mun nemi izinin mai unguwa, muka kafa tanti a gefen wata gona. Ba lantarki, ba famfo, sabis ɗin waya ma sai an yi sa'a.

Wani dattijo ya tsaya yana kallonmu muna fama da turaku, ya ce, "Samari, ƙasar nan dutse ce, ku danne igiyar da duwatsu." Da iskar hunturu ta taso cikin dare, albarka muka riƙa sa masa. Shayin da muka dafa a kan kirare kuwa, kafin ka kai baki ya huce.

Bayan asuba muka bi hanyar ƙafa ta manoma. Gonakinsu suka fi burge ni: an jera duwatsu hawa-hawa a jikin gangare don kada ruwan damina ya kwashe ƙasa. Wannan aikin hannu ne fa! Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka mun leƙa shi a gurguje, yunwa ta hana mu daɗewa.

Mai niyyar zuwa ya riƙo bargo mai kauri da takalmi sau-ciki, silifas ba zai kai shi ba.