Kuɗin adashin da na shuka

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke koro kowa tsakar gida da tabarma, aka yi taron farkawa na kwana uku a wani fili da ke kusa da unguwarmu. Baƙon mai wa'azi ne, yana yi da Turanci tafinta na juyawa. Na kai surukata, Inna, wadda ta daɗe tana fama da ciwon suga. A daren ƙarshe aka raba ambulan, aka ce kowa ya shuka iri, wato ya saka kuɗi a ciki, daidai girman mu'ujizar da yake nema. Makon nan na kwashi adashi, naira 60,000 da na yi niyyar biyan kuɗin makarantar yara. Na zuba su duka, ko maigidana ban shawarta ba.

Da aka ɗora wa Inna hannu, sai mai wa'azin ya ce duk wanda ya koma ga ƙwaya bayan an yi masa addu'a ya ƙaryata Allah. Aka miƙa mata farin hankici. Ashe tun daga daren ta daina shan magani, tana ɓoye shi ƙarƙashin filo. Ranar kwana na goma sha biyu muka same ta bakin randa, leɓe a bushe, ba ta gane kowa. A Keke Napep muka kai ta asibiti, kanta bisa cinyata. Da ta farfaɗo, abin da ta fara ce mini shi ne: "Ɗiyata, laihina na. Ban ba da gaskiya yadda ya kamata ba."

Wannan maganar ta fi kuɗin yi mini ciwo. Tsohuwar da ba ta fashin addu'ar asuba, ga ta kwance ana ƙara mata ruwa, kuma ita ke neman gafara.

Na je wurin fastonmu da fushina. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo littattafai biyu daga kanta ya ce in karanta, in jagoranci nazari a Zumuntar Mata na mako huɗu. Na ce, "Baba, ni da na faɗa ramin?" Ya ce ai shi ya sa.

A nan na san cewa abin da muka ji a taron, wanda ake kira koyarwar wadata, yana da asali da iyaye. Kenneth Hagin, wani mai wa'azi na Tulsa a Amurka, shi ya yaɗa cewa abin da bakinka ya furta da bangaskiya shi za ka samu, har mai ciwo ya riƙa cewa ya warke ko da jiki na gaya masa akasin haka. A 1988 wani marubuci, D. R. McConnell, ya nuna yadda Hagin ya kwaso da yawa daga rubuce-rubucen E. W. Kenyon, wani mai wa'azi da ya riga shi. Shuka iri kuwa Oral Roberts, shi ma mai wa'azi a Amurka, ne ya tallata shi, mutumin da a 1987 ya ce Allah zai ɗauki ransa in ba a tara masa dala miliyan 8 ba. A Najeriya, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ake yi wa kallon uban tafiyar. Abin da masu suka ke cewa ya wuce zancen kuɗi: an mayar da bangaskiya wani ƙarfi da ke tilasta wa Allah, an mayar da baiko ciniki, an kuma cire wahala daga rayuwar mai bin wanda aka gicciye.

Zama na farko na kwafsa. Na zo da sunayen Turawa a takarda ina jerowa, ina kiran masu wa'azin 'yan damfara. Ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ta gyara kallabi ta ce, "Malama, ke albashi gare ki. Ni da ba ni da kowa, in ban sa rai ga mu'ujiza ba, ga mi zan sa?" Ban sami amsa ba. Rabin matan sun ba da nasu ambulan a daren nan, kuma na zo ina ce musu wawaye a fakaice.

Mako na biyu na bar takardar a gida. Na ce kowa ta faɗi ayar da ta ji a wurin taron, mu buɗe mu karanta abin da ke gabanta da na bayanta. Aka kawo 3 Yohanna aya 2, inda ake fatan lafiya da wadata. Da muka fara daga aya ta ɗaya sai ga shi gaisuwa ce ta wasiƙa zuwa ga Gayus, irin "ina fatan kana lafiya" da muke buɗe wasiƙa da ita. Matan suka yi dariya. Aka kawo Markus 10:30, ninki ɗari. Na sa mai ƙosan nan ta karanta da kanta, da yatsa bisa layi, har ta iso inda aka ce tare da tsanani. Ta tsaya ta sake karantawa. "To wannan gutsuren ba su faɗa muna shi ba," in ji ta.

Daga nan matan suka karɓe nazarin. Wata ta tuno ƙayar da ke jikin Bulus, ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire ta, amsar ita ce "alherina ya ishe ka". Wata ta gano 2 Timoti 4:20, inda Bulus ya bar abokin tafiyarsa a Militas ba lafiya. Aka karanta Yohanna 9, inda Yesu ya ce makantar mutumin ba zunubinsa ba ce, ba kuma na iyayensa ba. Aka ga abin da Bitrus ya ce wa Siman a Ayyukan Manzanni 8 da ya zo sayen baiwar Allah da kuɗi. Ni kaina ban taɓa lura cewa Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai sha don ciwon ciki ba.

Wurin da na kusa sake zamewa shi ne batun warkarwa. Haushi ya so ya kai ni ga cewa a daina sa rai gaba ɗaya. Uwargidan fasto ta tare ni da Yakubu 5:14: a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a su shafa mai. Haka ma malaman tauhidi na ƙungiyar Lausanne, ta Kiristocin duniya masu yaɗa bishara, da suka zauna a Akropong ta Ghana a 2008 da 2009, sun ƙi koyarwar wadata amma ba su musanta cewa Allah na warkarwa ba, ba su kuma ce talauci abin ado ne ba. Babban taron ƙungiyar a Cape Town a 2010 ya bi wannan layin. Sai wata tsohuwa ta ce ai ba sai mun je nesa ba: 'yan mishan na SIM da suka kula da kutare a Amanawa, nan kusa da mu, da addu'a da allura suka yi aikin, ba wanda ya ce ɗaya ta kori ɗaya.

Tambayar mai ƙosai dai tana nan, kuma aya kaɗai ba ta biya ta. A zama na huɗu muka ajiye gwangwanin madara a kan tebur, kowa na jefa abin da ya sawwaƙa duk mako don sayen maganin tsofaffi. Ba ya isa. Watan jiya mutum uku kawai ya ɗauka.

Kuɗin makarantar sai da maigidana ya ci bashi, kuma mun yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna ta koma shan maganinta, ni ke ƙirga mata ƙwayoyin kowace safiya. Hankicin yana nan ninke cikin Littafinta Mai Tsarki, a wajen Zabura. Na gan shi, ban ce mata komai ba.